Tsoron illa da allurar rigakafi a birnin Zariya

A shekarar 2003, lokacin da gardama ta kaure a arewacin Najeriya kan ingancin maganin rigakafin cutar shan inna, tsohon birnin Zariya na daga cikin wuraren da magidanta da dama suka riƙa sallamar ma'aikatan rigakafi tun daga zaure.

Ba jahilci ne ya sa hakan ba, kamar yadda wasu suka riƙa faɗi a lokacin. Zariya gari ne na malamai, na zaure da na boko, kuma a nan Jami'ar Ahmadu Bello take da asibitin koyarwarta. Yawancin iyayen da suka ƙi, awo suka yi tsakanin haɗari biyu: na cutar da ba kasafai suke ganinta ba, da na maganin da ba su amince da masu kawo shi ba.

Ga bayani kan yadda wannan tsoro ya samo asali, da abin da bincike ya tabbatar a cikinsa, da abin da ya ƙaryata.

Yadda abin ya faro

A 1988 ne babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ya yanke shawarar kawar da cutar shan inna daga doron ƙasa. A wancan lokaci cutar na nakasa yara kimanin 350,000 a kowace shekara, a ƙasashe fiye da 125. A 1996 Nelson Mandela ya ƙaddamar da yaƙi da cutar a nahiyar Afirka.

Dabarar da aka ɗauka ita ce bin gida-gida ana ɗiga wa kowane yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ɗigo biyu na maganin a baki, sau da yawa a shekara.

A unguwannin cikin ganuwa kamar Kwarbai da Kaura da Limancin Kona da Unguwar Juma, inda mata da yawa ke cikin kulle, 'yan mata da matan aure ne ke shiga gidaje da akwatin ƙanƙara. Idan sun gama sai su shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, su yi rubutu da alli a jikin bango. Sai dai kuma a mafi yawan gidaje, uwa ba ta miƙa ɗa sai da iznin maigida.

A tsakiyar 2003, Majalisar Ƙoli ta Harkokin Shari'a a Najeriya, ƙarƙashin jagorancin marigayi Dakta Ibrahim Datti Ahmad, wanda shi kansa likita ne, ta yi zargin cewa an gurɓata maganin da sinadarin hana haihuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau da abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin. Kaduna da Zamfara sun koma daga baya, amma Kano, a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, ta yi kusan shekara guda ba ta koma ba.

Hannun Zariya a gardamar

Ƙungiyar Jama'atu Nasril Islam, wadda hedikwatarta ke Kaduna, ta nemi a yi mata nata binciken. Cikin waɗanda suka yi aikin har da Dakta Haruna Kaita, masanin haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya kai samfurin maganin ƙasar Indiya, ya kuma shaida wa 'yan jarida a farkon 2004 cewa ya gano gurɓatattun sinadarai a ciki.

Wannan magana ta yi nauyi a Zariya, domin daga bakin malamin jami'ar garin ta fito, ba daga bakin ɗan siyasa ba.

Gwamnatin tarayya ita ma ta kafa nata kwamitocin, kuma marigayi Farfesa Umaru Shehu na daga cikin manyan likitocin da suka jagoranci gwaje-gwajen. An gwada maganin a cikin gida da kuma Afirka ta Kudu, sannan wata tawaga da ta haɗa da wakilan gwamnati da malamai da sarakuna ta ziyarci Afirka ta Kudu da Indiya da Indunusiya. A watan Maris na 2004 aka bayyana cewa maganin ba shi da illar da ake zargi. Hukumar WHO da Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, sun tsaya a kan cewa babu sinadarin hana haihuwa cikin abubuwan da ake haɗa shi da su.

Kano ba ta amince ba sai da ta aika tata tawagar, aka kuma yarda za a kawo mata maganin daga kamfanin Bio Farma na Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi. An koma aikin a ƙarshen watan Yulin 2004. A watan Oktoba na shekarar, Shugaba Olusegun Obasanjo ya ɗiga wa 'yar Gwamna Shekarau maganin a bainar jama'a a Kano.

Me ya sa zargin ya samu karɓuwa?

Babban dalili shi ne abin da ya faru a Kano a 1996. A shekarar ce annobar sanƙarau ta kashe mutane fiye da 11,000 a Najeriya. Ana tsakiyar annobar, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 ne aka sanya cikin gwajin, goma sha ɗaya suka rasu: biyar cikin waɗanda aka bai wa Trovan, shida cikin waɗanda aka bai wa wani maganin da aka saba amfani da shi.

Iyaye sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ya samu amincewarsu da baki, kuma sanƙarau ne ya kashe yaran. Jaridar Washington Post ta fallasa labarin a watan Disamba na 2000, kuma a 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, ba tare da ya amsa laifi ba.

Trovan ba maganin rigakafi ba ne, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da ake bai wa wanda ya riga ya kamu. Amma Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Dalili na biyu shi ne manufar ƙayyade yawan jama'a da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fitar a 1988, wadda ta ba da shawarar kada mace ta wuce 'ya'ya huɗu. Tun daga lokacin wasu ke kallon duk wani shirin lafiya na kyauta da ya shafi mata da yara da idon zargi.

Na uku shi ne yanayin siyasar duniya. A watan Maris na 2003 Amurka ta mamaye Iraƙi, bayan ta shiga Afghanistan a 2001. Mutane da yawa sun kasa gane yadda ƙasar da ke yaƙar Musulmi a can za ta damu da lafiyar 'ya'yan Musulmi a nan.

Abin da iyaye a cikin birni suka faɗa

Wata masaniyar al'adun al'umma daga Jami'ar Michigan ta Amurka, Farfesa Elisha Renne, ta daɗe tana bincike a birnin Zariya, ta kuma wallafa littafi a 2010 kan siyasar cutar shan inna a arewacin Najeriya. Binciken nata ya nuna cewa batun hana haihuwa ɗaya ne kawai daga cikin dalilan ƙin maganin.

Tambayar da ta fi yawa a bakin iyaye ita ce: don me ake biyo mu har gida da maganin shan inna kyauta, alhali idan yaro ya kamu da ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, sai mun sayi kati mun sayi magani, wani lokaci ma a ce babu? A ganinsu, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wannan ƙorafi na da tushe. A ƙarshen shekarun 1980, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, alƙaluman hukuma sun nuna cewa rigakafin yara ya kai kusan kashi 80 cikin ɗari a 1990. Daga nan abin ya durƙushe. Binciken lafiya na ƙasa na 2003 ya gano cewa kashi 13 cikin ɗari ne kawai na yaran Najeriya suka samu cikakken rigakafi, a shiyyar arewa maso yamma kuwa adadin bai kai kashi biyar ba.

Akwai kuma iyayen da ba su ƙi rigakafi baki ɗaya ba. Sukan kai 'ya'yansu wuraren da suka sani, irin su cibiyar kula da lafiyar yara ta Banzazzau ko asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, amma ba sa yarda wata yarinya da ba su san horon da ta samu ba ta ɗiga wa ɗansu wani abu a soro.

Wasu kuma yawan zagayen ne ya tsorata su. Sun san cewa magani idan ya yi yawa yakan zama guba, ga shi ana dawowa wata bayan wata.

Sunan cutar ma na da nasa tasiri. A tsohuwar fahimtar Bahaushe, Inna wata iska ce da ke shanye ƙafar yaro ko hannunsa. Wanda ya ɗauki cutar a haka, wajen mai maganin gargajiya ko malami zai nufa, ba asibiti ba.

Illolin da ke akwai, da waɗanda babu

Likitoci ba su taɓa cewa rigakafi ba shi da illa ko kaɗan ba. Allurar da ake yi wa jarirai a cinya a mako na shida da na goma da na goma sha huɗu, wadda tun daga 2012 ta haɗa kariya daga cututtuka biyar ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta, takan jawo zazzaɓi da kumburi da kuka na kwana ɗaya ko biyu. Ta tarin fuka da ake yi a dantse takan yi ɗan ƙurji ta bar tabo. Waɗannan alamu ne na cewa jiki na karɓar maganin, amma uwar da ba a yi wa bayani ba, sau da yawa ba ta komawa karo na biyu.

Mummunan tashin jiki nan take bayan allura, irin mai toshe numfashi, yakan faru ga kimanin mutum ɗaya cikin miliyan, kuma ana iya maganinsa idan yana gaban ma'aikacin lafiya.

Akwai wani abu da iyaye suka lura da shi wanda kimiyya ta tabbatar: yaro ya yi zazzaɓi, a yi masa allura a ɗuwawu, bayan 'yan kwanaki ƙafar ta shanye. Hakan na faruwa ta hanya biyu. Ko dai allurar ta taɓa babbar jijiyar ƙafa saboda rashin ƙwarewar mai yin ta, ko kuma yaron na ɗauke da ƙwayar shan inna tun farko, raunin allurar ya sauƙaƙa wa ƙwayar kai wa ga jijiyoyin wannan ƙafa. Yawanci allurar maganin zazzaɓi ce ke jawo haka, amma laifin yakan faɗa kan kowace irin allura.

Shi maganin ɗigon baki, ana yin sa ne da ƙwayar cutar da aka raunana. A cewar WHO, cikin kimanin ɗigo miliyan 2.7, ana iya samun yaro ɗaya da maganin da kansa zai nakasa. Ita kuwa ƙwayar cutar ta asali, cikin kowane mutum 200 da suka kamu takan nakasa ɗaya har abada, kuma kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na waɗanda ta nakasa sukan mutu idan ta kama jijiyoyin numfashi.

Game da yawan zagaye, dalilinsa shi ne a ƙasashe masu zafi inda gudawa ta yi wa yara yawa, ɗigo ɗaya ko biyu ba ya kama hanji yadda ya kamata, sai an maimaita. Ƙarin ɗigon ba ya taruwa a jiki.

Game da fargabar lalacewar magani saboda ɗauke wutar lantarki, tun daga 1996 kwalaben maganin shan inna na ɗauke da wata 'yar alama da ke sauya launi idan zafi ya yi musu yawa. Maganin da zafi ya taɓa ƙarfinsa ne ke raguwa, ba guba yake zama ba.

Batun hana haihuwa kuwa, lokaci ya riga ya ba da amsa. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna cewa a 2003 mace a arewa maso yamma na haihuwar 'ya'ya 6.7 a matsakaicin lissafi, a 2018 kuma 6.6. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin suna ƙanana a ƙarshen shekarun 1990 suna cikin iyayen da aka ƙirga a binciken na 2018. Haka kuma ba a samu shaidar cewa maganin ya yaɗa ƙanjamau ko ciwon daji ba.

Abin da ƙauracewar ta haifar

A 2002 an samu yara 202 da cutar ta nakasa a Najeriya. Adadin ya kai kusan 800 a 2004, ya haura 1,100 a 2006, kuma mafi yawansu a jihohin arewa ne. Ƙwayar ta bazu zuwa ƙasashe kimanin 20 da suka riga suka rabu da ita, har ta kai Sudan da Yemen da Indunusiya. Hukumomin Saudiyya sun sanya shaidar rigakafin shan inna cikin sharuɗɗan shigar maniyyata daga Najeriya.

Akwai kuma wata matsala ta biyu da ta ɓulla daga 2005. Ƙwayar da aka raunana tana fita ta bayan gidan yaron da aka ɗiga wa. Inda yawancin yara ke da kariya, sai ta mutu a nan. Inda kuwa yara da yawa ba su samu ba, takan yi ta yawo daga wannan zuwa wancan na tsawon watanni, har ta sauya kama ta dawo da ƙarfinta. Wannan nau'i ya nakasa yara kimanin 400 a arewacin Najeriya tsakanin 2005 da 2011, kuma sai a 2007 ne labarin ya fito fili.

Jinkirin sanar da jama'a ya ƙara wa masu zargi hujja. Sai dai abin lura shi ne, wannan illa ta gaske ba ta samun wurin zama sai a unguwar da aka ƙi karɓar maganin.

Yadda aka shawo kan lamarin

Tun a watan Oktoba na 2003, taron ƙolin ƙungiyar ƙasashen Musulmi da aka yi a Putrajaya ta Malesiya ya yi kira ga ƙasashen ƙungiyar da su ƙara himma wajen kawar da cutar. Amma sauyin da aka gani a ƙasa ya zo ne da aka fara amsa ƙorafin iyaye.

A 2006 aka sauya salon aikin, aka riƙa haɗa ɗigon shan inna da allurar ƙyanda da sinadarin bitamin A da maganin tsutsar ciki, wani lokaci har da sabulu da gidan sauro.

A 2009 gwamnonin jihohi suka rattaba hannu kan wata yarjejeniya a Abuja yayin ziyarar Bill Gates, sannan Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan arewa kan kiwon lafiya a matakin farko. A Masarautar Zazzau, zamanin marigayi Sarki Shehu Idris wanda ya yi mulki daga 1975 zuwa 2020, hakimai da masu unguwanni ne suka zama masu shiga tsakani idan wani gida ya ƙi. An kuma sanya limamai da ƙungiyoyin mata Musulmi da mutanen da cutar ta nakasa cikin masu wayar da kai.

Adadin masu kamuwa ya sauko daga 388 a 2009 zuwa 21 a 2010. Ba a tafi lami lafiya ba, domin a ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Labarin da ya fito a 2011, cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da aikin rigakafin ciwon hanta a Abbottabad ta Pakistan wajen neman Usama bin Laden, shi ma ya mai da hannun agogo baya a ƙasashen Musulmi da dama.

Duk da haka, an ga ƙwayar cutar ta asali karo na ƙarshe a Najeriya a jihar Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ita.

Ba a arewacin Najeriya kaɗai ba

Tsoron illar rigakafi ya girmi gardamar 2003. A Amurka a 1955, kuskuren da aka yi a masana'antar Cutter ya sa an yi wa yara allurar da ke ɗauke da ƙwayar shan inna mai rai. Kimanin 200 suka nakasa, goma suka mutu, lamarin da ya sa aka tsaurara dokokin sa ido kan masu haɗa magunguna.

A Ingila kuma, a 1998 wani likita mai suna Andrew Wakefield ya wallafa binciken da ya danganta allurar ƙyanda da wata larurar ƙwaƙwalwa a yara. An gano binciken na bogi ne, mujallar Lancet ta janye shi a 2010, aka kuma ƙwace lasisin likitan. Kafin nan iyaye da yawa sun daina kai 'ya'yansu, ƙyanda ta dawo.

Halin da ake ciki

Nau'in cutar da ke samo asali daga raunanniyar ƙwaya bai ƙare ba. A 2021 kaɗai ya nakasa yara fiye da 400 a Najeriya. A watan Maris na shekarar Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da wani sabon maganin ɗigo da aka tsara don ya yi wuyar sauya kama. Tun 2015 kuma aka sanya allurar shan inna, wadda ƙwayar cikinta matacciya ce, cikin rigakafin jarirai na asibiti.

Tsohon zargin yakan dawo duk lokacin da aka kawo sabon rigakafi. Ya dawo a 2021 da allurar korona, musamman bayan wasu ƙasashen Turai sun dakatar da ta AstraZeneca na ɗan lokaci saboda daskarewar jini da aka gani a wasu 'yan tsirarun mutane. Ya sake dawowa a watan Oktoba na 2023, da aka fara yi wa 'yan mata 'yan shekara tara zuwa 14 allurar kariya daga ciwon dajin bakin mahaifa. Bambancin shi ne a yanzu jita-jitar ta wayar hannu take yawo.

Annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022, wadda ta fi ƙamari a Kano ta kuma shafi wasu jihohi ciki har da Kaduna, ta fi kama yaran da ba su samu allurar jarirai ba.

Hukumar NAFDAC ce ke da alhakin tantance kowane maganin rigakafi kafin a yi amfani da shi a Najeriya, Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa kuma ita ke rarraba shi. Ma'aikatan lafiya na shawartar iyaye da su adana katin rigakafin yaro, su tambayi sunan allurar da illar da za a iya gani kafin a yi ta, su kuma koma asibitin da aka yi ta idan zazzaɓi ya wuce kwana biyu ko yaro ya nuna wata alamar da ba a saba gani ba.